Cimaka, haƙƙin abinci da noman da ke jure sauyin yanayi: tambayoyin da manoman Maradi ke yawan yi

Waɗannan tambayoyi na tattaro su ne daga zaman da muke yi da manoma a ƙauyukan jihar Maradi, tun daga Madarunfa har Mayahi da Dakoro. Duk inda aka shimfiɗa tabarma su ne ke dawowa, ko daga bakin dattijo ko daga bakin mai goyo. Na sa musu lamba don a iya komawa wata amsa daga wata.

1. Me ake nufi da “wadatar cimaka” da ake ta faɗa a rediyo?

Ma'anar da ake aiki da ita ta fito ne daga taron shugabannin duniya kan abinci da aka yi a birnin Rum a 1996: a ce kowane mutum, a kowane lokaci, yana da halin samun abinci isasshe, mai tsabta, mai gina jiki. Ƙafafunta huɗu ne. Abincin ya kasance akwai shi. Mutum ya iya kaiwa gare shi da gonarsa ko da aljihunsa. Jiki ya amfana da shi. Sannan abin ya ɗore daga kaka zuwa kaka. A wurinmu ƙafa ta biyu ce ta fi karyewa. Buhunan gero na iya kaiwa rufin shago a babbar kasuwa, amma mai gida ya tsaya gabansu da kuɗin tiya ɗaya, bakuna tara na jiransa.

2. Ana ce wa Maradi rumbun ƙasa. To me ya sa tamowa ta fi kama yaranmu?

Wanda ya ga 2005 ya san amsar da idonsa. Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara ta shigo wasu yankuna, amma hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Farashinsa ne ya fi ƙarfin talaka. A shekarar nan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, kuma akasarinsu a nan jihar Maradi, ciki har da kudu inda ruwa ya fi yawa.

Dalilan a sarƙe suke. A kudu jama'a ta yi yawa, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke raba ta. Da kaka manomi na sayar da hatsi da arha don biyan bashi, biki da suna da magani, ya dawo ya saye shi da tsada a Yuli da Agusta, lokacin da aikin gona ya fi nauyi kuma zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara. Ga yaye da kunu tsura, babu wake, babu gyaɗa, babu ganye. Shi ya sa nake cewa yunwarmu ta fi zama ta farashi da bashi a kan ta ruwan sama. Duba tambaya ta 12 kan ajiya, da ta 15 kan yaron da ya rame.

3. FAO, PAM, FIDA: ba duk abu ɗaya ba ne?

Duka uku na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, duka uku kuma a Rum suke zaune, amma aikinsu daban. FAO an kafa ta ranar 16 ga Oktoban 1945, shi ya sa ake bikin ranar abinci ta duniya a wannan rana. Nata shi ne ilimi da shawara, iri, lafiyar dabbobi da sa ido kan fara. PAM, wadda aka kafa a 1961, ita ce mai rabon abinci da kuɗi lokacin matsi da ciyar da ƴan makaranta. Ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2020. FIDA kuwa asusu ne da aka kafa a 1977, yana ba gwamnatoci rance da tallafi don ƙananan manoma. Ya daɗe yana aiki a yankin Agye, kuma shi ya tallafa wa shirin ProDAF na noman iyali a Maradi, Tawa da Damagaram.

4. Wai abinci haƙƙi ne. A ina aka rubuta haka?

A wurare da dama. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 ta ambace shi a aya ta 25. Yarjejeniyar haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu ta 1966 ta ƙarfafa shi a aya ta 11, har ta ce kuɓuta daga yunwa haƙƙi ne na asali. Nijar ta shiga wannan yarjejeniya a 1986. Tsarin mulkinmu na 2010, wanda aka dakatar bayan 26 ga Yulin 2023, ya rubuta haƙƙin abinci mai kyau kuma isasshe a aya ta 12. Yarjejeniyar duniya dai ƙasa ce ta sa mata hannu, don haka tana kan wuyan duk wanda ke riƙe da mulki.

Majalisar Ɗinkin Duniya na da wakili na musamman kan wannan haƙƙi tun shekara ta 2000. Na farko, Jean Ziegler ɗan ƙasar Suwizalan, ya zo Nijar a 2001, ya sake dawowa a 2005, inda ya nemi a raba abinci kyauta ga waɗanda ko farashi mai rahusa ya gagare su.

5. Ke nan dole gwamnati ta ciyar da ni kyauta?

A'a, sai in ta kai ga ka kasa ciyar da kanka saboda abin da ya fi ƙarfinka, kamar fari, ambaliya, gudun hijira ko naƙasa. A 1999 kwamitin da ke kula da yarjejeniyar ya fayyace nauyi uku. Na farko, kada hukuma ta raba ka da hanyar cin abincinka, misali ta karɓe gonarka ba diyya. Na biyu, ta kare ka daga wasu: mai ɓoye hatsi, mai sayar da jabun maganin feshi, mai cinye burtali, ɗan bindigar da ya hana mutanen Madarunfa da Gidan Rumji zuwa gonakinsu na bakin iyaka. Na uku, ta sauƙaƙa maka hanya da ruwan noman rani, hanyar mota da malaman gona, ta kuma ba ka hannu da hannu in abin ya gagara.

Amfanin sanin wannan a gare ni shi ne, mutum ya daina sunkuyar da kai a layin rabo. Wanda ya zo karɓar haƙƙinsa yana iya tambaya: da wane ma'auni aka zaɓi mutane, buhu nawa aka turo, wa ya sa hannu?

6. Wa ke yanke cewa wani yanki ya shiga matsala? Me ya sa aka tsallake garinmu?

Bayan farin farkon shekarun 1970 ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari ta CILSS a 1973, kuma cibiyarta ta nazarin yanayi da noma, AGRHYMET, tana Yamai. A ƙarƙashinta ake zama, galibi a Nuwamba da Maris, a haɗa bayanan amfanin gona, farashin kasuwa, ciyawar dabbobi da awon yara, a jera yankuna hawa biyar, daga lafiya lau har zuwa yunwa tsagwaronta. Daga hawa na uku ake kiran agajin gaggawa. A cikin gida ofishin OPVN ne ke riƙe da rumbun ƙasa, daga nan ake fitar da hatsin sayarwa a farashi mai rahusa da na rabo kyauta.

Inda gizo ke saƙar shi ne, awon na yanki ne, ba na gida-gida ba. Gari na iya faɗawa cikin yankin da aka ce ya yi albarka alhali ƙanƙara ko tsutsa ta cinye nasa. In haka ta faru, kada a jira: mai gari da wakilan manoma su kai wa malamin gona da ofishin magajin gari rahoto a rubuce tun kafin a gama girbi, lokacin da ake iya zuwa a ga gonar da ido.

7. Fari ai tun kakanni ake yin sa. Mene ne sabo a “sauyin yanayi”?

Gaskiya ne, an yi 1973, an yi 1984. Abin da ya sake shi ne halin daminar. Tun shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo in aka haɗa na shekara, amma yana zuwa a birkice: a yi shuka, ya ɗauke kwana ashirin, a sake shuka, sannan ya zubo na wata guda a dare ɗaya. Binciken hotunan tauraron ɗan Adam da aka buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Mutanen birnin Maradi ba su manta ruwan ƙarshen Agustan 2024 ba, da gidajen da suka rufta da rayukan da aka rasa. Ga zafi da ke ƙaruwa yana ƙona tsiro tun yana ƙarami. Don haka noman da ke jurewa shi ne wanda ya shirya wa ƙishi da ambaliya a damina ɗaya.

8. Mene ne sassabin zamani, kuma me ya sa baƙi ke zuwa Maradi ganinsa?

A nan ne duniya ta zo ta koya daga gare mu. A Mayun 1984 aka yi babban taron ƙasa kan kwararowar hamada a Maradi, a lokacin da dashen itace ke ta mutuwa. Shekara guda kafin nan wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke zaune a Maradi, ya tsaya rage iskar tayar motarsa cikin rairayi, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace bazara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. A yunwar 1984 aka haɗa barin itace a gona da rabon abinci. Da rabon ya ƙare da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga amfani, maƙwabta suka kwaikwaya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar, galibi a Maradi da Damagaram, itace kimanin miliyan 200, kusan duk da hannun manoma. Rinaudo ya samu kyautar Right Livelihood a 2018.

Yadda ake yi ba wuya. Na ga wani dattijo a yankin Agye yana koya wa ɗansa a gindin sabara. Yaron ya ɗaga gatari zai share duka, uban ya riƙe hannunsa. “Tsaya, ɗana. Wanne ya fi miƙewa a cikinsu?” Yaron ya nuna uku. “To su za ka bari.” Ya datse sauran, ya aske rassan ƙasa na ukun nan har rabin tsayinsu, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, sannan ya yago tsumma daga tsohon rawani ya ɗaura wa ɗaya, alamar mai shi na so. Yaron ya ce, “Baba, ba za ta shanye wa gero ruwa ba?” Uban ya nuna masa tudun rairayi da ganye da suka taru a gindin wata ta bara, inda karan gero ya fi kauri.

Sabara da kalgo na tare iska kada ta binne shuka, suna ba da itacen girki a kusa, mata su huta da doguwar tafiya. Gawo kuwa sarki ne: yana zubar da ganye da damina, bai yi wa gero inuwa ba, ya takince ƙasa, ƴaƴansa kuma abincin dabba ne da rani. Magarya da aduwa da kuka na shiga tukunya da kasuwa. A shekarar da gero ya ƙi, reshen da aka sayar shi ke sayo tiya.

9. In na reni itace a gonata, nawa ne ko na jami'an gandun daji?

Wannan tsoron ne ya daɗe yana hana mutane, domin a da itace na hukuma ne, mai gona na iya shan tara a kan abin da ya tsiro a gonarsa. An sassauta a hankali, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta amince da haƙƙin manomi kan itatuwan da ya rena. Duk da haka wasu iri kamar gawo na da kariya, a nemi jami'i kafin a kayar da babba. Ɓarayin dare kuwa sai gari ya haɗa kai. Garin Ɗan Saga na yankin Agye ya yi suna ne saboda kwamitin tsaron itacensa, wanda ya haɗa maza da mata da makiyaya.

10. Irin gargajiya ko na zamani?

Ni ina cewa duka biyu, kada a zuba ƙwai a kwando ɗaya na iri. Irin gero mai saurin nuna kamar HKP da SOSAT na tsere wa yankewar ruwa. Chakti, wanda aka fitar a Nijar a 2018 tare da cibiyar binciken noma ta duniya ICRISAT, ya fi su sauri kuma yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Amma mai nuna da wuri shi tsuntsu ke fara sauka a kai in gona ɗaya ce tak ta shuka shi, kuma dogon zangarniyar gida ya fi ba da kara. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ta Tarna na nan kusa da mu. Masananta ne ma suka yi aikin sakin wani ɗan ƙwaro mai kashe tsutsar zangarniyar gero ba tare da feshi ba.

Lokaci shi ne komai. Wata shekara wani shiri ya yi wa ƙungiyarmu alkawarin iri, bai iso ba sai da gero ya kai gwiwa. Mutane suka wanke shi suka daka. Har yau abin na yi mini ciwo, domin an rubuta cewa an raba iri, alhali ko ƙwaya ba ta shiga ƙasa ba. Tun daga nan muke ware namu irin da kaka, mu kuma saurari hasashen damina da AGRHYMET da ma'aikatar yanayi ke fitarwa wajen Afrilu da Mayu.

11. Takin zamani ya yi tsada. Akwai dabara?

Akwai ta ɗan tsunkule: maimakon watsawa, a sa kamar giram 6 na NPK 15-15-15, cikin murfin kwalbar lemo ke nan, ko giram 2 na DAP a kowane rami, a gefen iri. A haɗa da takin gida, in ba haka ba ƙasa na gajiya. A faƙo mai tauri kuma a haƙa tassa ko rabin wata da rani, a zuba taki, ruwan farko ya kwanta a ciki. A jigawa mai rairayi wannan bai cika amfani ba. Can itace (tambaya ta 8), barin kara a gona da haɗa gero da wake sun fi.

12. Ta yaya zan daina sayarwa da arha in saya da tsada?

Hanya ɗaya ita ce warantaj, wanda wani shirin FAO ya yaɗa a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990. Ƙungiya na zuba hatsinta a sito da kaka, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun ba da rance. A ba kowa rance ƙasa da darajar buhunansa, ya yi kiwo ko noman rani ko ƙaramar sana'a, ya biya bayan wata biyar ko shida, a buɗe sito lokacin da farashi ya hau. Hatsarinsa biyu: shekarar da farashi bai tashi ba, da mutumin da ya cinye rancen a biki.

Ga wake kuma akwai buhun PICS na jami'ar Purdue ta Amurka, wanda aka gwada sosai a nan Maradi: leda biyu masu kauri a cikin buhun saƙa. Wake ya bushe sarai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro na mutuwa don rashin iska, ba a sa guba ko kaɗan. A duba huda kafin a zuba, a ɗora buhun kan katako nesa da ɓera.

13. Ina matsayin mata a duk wannan?

Da gona ta ƙaranta, gamanar mace ce ake fara karɓewa, kuma ita ce gonar da wakenta da kuɓewarta ke shiga bakin yara kai tsaye. Musulunci ya ba mace gadonta, dokar karkara ta 1993 kuma ta kafa kwamitocin filaye da ke ba da takardar shaidar gado, saye, kyauta ko aro. Mace ta nemi tata takardar. Asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar nan a 1991, yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama, kuma shi ne bashin da ya fi saurin isa gida ranar da yaro ya kwanta.

14. Ana ta alkawarin kuɗin yanayi. Ina suke? Kuma me rufe iyaka ke yi mana?

Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya ba. A Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara zuwa 2020; ba a cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa rance ne. A 2022 a Masar aka amince da asusun biyan asarar da sauyin yanayi ke jawowa, a 2024 a Baku aka sa sabon buri na dala biliyan 300 a shekara zuwa 2035. Namu shugabannin ma sun yi alkawari a Maputo a 2003 cewa kashi 10 cikin ɗari na kasafi zai tafi noma, ƙasashe kaɗan suka cika. Burin kawar da yunwa zuwa 2030 ya yi nisa: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta mutum wajen miliyan 733 sun yi fama da yunwa a 2023. Kuɗin kan bi ta gwamnati da manyan shirye-shirye, shi ya sa ƙungiya mai rajista da littafin kuɗi ta fi mutum ɗaya samun shiga.

Iyaka kuwa jijiyar Maradi ce. Wake da dabbobi na gangarawa ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da kasuwar Dawanau a Kano, masara da dawa na hawowa. Dattawa na kiran yunwar 1984 El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan takunkumin CEDEAO daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024. Sanarwar Rum ta 1996 ta ce kada a mai da abinci makamin matsin siyasa, kuma wannan na cikin haƙƙin da aka yi bayani a tambaya ta 4.

15. Yarona ya rame. Me zan yi yau?

Inna, kada ki jira kaka. Ki kai shi likita a auna damtsensa da ɗan zaren awo mai launi uku, wanda ake yi wa yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa. In ramin ya zauna, kumburin tamowa ne ko da yaron bai rame ba. In yana iya cin abinci za a ba ki ƙunshin gyaɗar nan na magani ki riƙa ba shi a gida, kina dawowa awo kowane mako. In ya ƙi ci, ko yana zazzaɓi, gudawa ko amai, kwantar da shi za a yi.

Ƙunshin nan magani ne na yaro ɗaya: ba a raba shi da yayyensa, ba a kai shi kasuwa, ba a dama shi da ruwa. Ki ci gaba da ba shi nono. Jariri kuwa nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a ba shi. Bayan nan kunun gero ya samu garin wake ko ƙuli-ƙuli, da garin zogale irin wanda ake nomawa a Jiratawa, da ɗan mai. Da damina a karɓi maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata, a kwana cikin gidan sauro.